Ranar da Mota Ta Kai Ni Gonar Dawa

Na sha wahala, ba wani kwana-kwana. Ko na so in manta da ranar nan, mutanen Manga ba za su bari ba.

Cocinmu ne ya sayi bas, ana neman direba. Ni kuwa shekara da shekaru ina jan wata tsohuwar mota daga Zuru zuwa ƙauyuka, bayana ya gaji, aljihu bai cika ba. Na sa rai sosai. Yayan matata, wanda kowa ke kira Saja tun da ya bar soja, shi ya tsaya mini wurin dattawa. Aka ce ranar Asabar in ɗauko shi da Fasto daga Rikoto zuwa Manga, su ga tuƙina, sauran dattawa na jira a bakin coci.

To, motar tawa tana da ciwo biyu. Lagireto na yoyo, na liƙe da sabulu. Sifirin ɗin da ke dawo da totur kuma ya karye tun farkon damina. Bakanike ya ce in kawo ya canza, na ce masa tun yana tsumman goyo nake taɓa inji. Na yanko roba daga tsohon tiyub na ɗaure. (Gaskiya ta yi aiki. Wata biyu tana yi.)

Muka kama hanya lafiya lau. Ina tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Saja na gaba, Fasto na baya. Ana cikin haka allurar zafi ta fara hawa. Na ɗora hulata a kanta.

"Suruki, wani abu na ƙauri," in ji Saja.

"Masu ƙona ciyawa ne, Yaya."

Ya dubi waje, ko'ina kore shar.

Mun hango rufin coci, na taka totur kaɗan don in haye ɗan tudu. Na ɗaga ƙafa, totur bai biyo ni ba. Inji ya ɗau kuka, mota ta yi gaba. Na taka birki, ta ƙi ji. Dattawa sun miƙe suna ɗaga mana hannu, muka wuce su fiu, Fasto ma ya ɗaga musu.

Abin da direba zai yi sananne ne: ka taka kuloci, ka kashe mota. Ni me na yi? Na rungume sitiyari ina ihu, "Yesu! Yesu!" har muka faɗa gonar dawar wata tsohuwa, Mama Talatu. Saja ne ya miƙo hannu, ba gaggawa, ya murɗa makulli. Shiru. Sai tururi.

Da jama'a suka taru, kunya ta sa na ce aikin maƙiya ne, ba sa so in samu aikin. Fasto, mutumin kirki, ya dafa bonet zai yi addu'a, ya janye hannu da sauri don zafi. Saja ya naɗe hannu da tsumma ya buɗe. Ya laluba, ya zaro robar, ta narke ta tsinke, ya ɗaga sama kowa ya gani.

"Fasto, bar addu'ar. Ga maƙiyin."

Har Mama Talatu da na kwantar mata da dawa sai da ta yi dariya.

Bas dai wani aka ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ni ma ba zan sa 'ya'yana a motar da nake ja a ranar ba. Abin da na koya, dabarar da kake jin kunyar a buɗe a gani, ba dabara ba ce, ajali ne kake ɗaure da roba.

Washegari da sassafe na saɓa fartanya na tafi tayar wa Mama Talatu dawarta. A ƙasa na je.