Turaku Huɗu da Aka Bari a Gida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma takalman da har yau ba su gama bushewa ba, Murray Gatenby na garin Deloraine yake sanar da 'yan'uwa da abokan tafiyar daji rasuwar tantinsa, wanda shi yake kira Gashin Tsuntsu, matarsa Noelene kuma take kira Ledar Burodi. Marigayin ya cika wata ranar Alhamis da la'asar, mako uku da suka wuce, a can saman tudun duwatsu, bayan gajeruwar rashin lafiya da ba ta wuce minti huɗu ba. Ya rasu yana da wata biyar a duniya da kwana uku a daji. Nauyinsa giram ɗari biyar da tamanin. Murray ya roƙi a rubuta wannan lamba da kyau, sai ka ce akwai wanda ya zauna da shi minti biyar a watannin nan bai ji ta ba.

Ga waɗanda ba su san yadda marigayin ya shigo gidan ba, ga asalin abin. Shekara talatin da ɗaya ke nan da auren Murray da Noelene, kuma a daji suka ci fiye da rabinsu, kowa da jakar goyonsa, suna kwana cikin wani tsohon tanti mai suna Kore, wanda ya kai kilo huɗu ko bai jiƙe ba. Shekara tara da suka wuce aka yi wa Noelene aiki a gwiwa, ta jingine sandarta. Murray ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, yana dafa shayin mutum biyu bisa mantuwa yana zubar da rabi. Bai taɓa faɗa mata ba, amma kewarta ta ci shi ƙwarai. Sai bara, wata rana tana yanka albasa, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Sau ɗaya zan gwada komawa daji, Murray. Kwana takwas. In gwiwar nan ta yarda, mu ci gaba. In ta ƙi, ka ba da takalmana sadaka, kuma kada ka sake yi mini zancen."

Nan take bawan Allah ya rantse ko giram ɗaya na banza ba zai hau gwiwar nan ba. Niyya ce mai kyau, ba wanda ya musa. Abin da ya biyo bayanta ne likita bai da maganinsa. Ya ɗauke sikelin da Noelene take awon fulawa da shi ya kai ɗaki. Ya datse mariƙin buroshin haƙorinsa. Ya bi rigunansa da almakashi yana cire 'yan takardun da ke wuya. Ya yanke gefen taswira, wai ai ba can za su bi ba. Wata uku cur ya yi yana zaɓen tanti, har Allah ya haɗa shi da marigayi.

Marigayin yana da halaye nagari, kuma wajibi ne a faɗe su. Yana da tawali'u, don ba ya barin kowa ya shige shi sai da rarrafe. Ba shi da rufa-rufa: in kana sauya wando a cikinsa, duk wanda ke hayin tafki shaida ne. Ba ya cin amanar kowa, numfashin da ka ba shi da daddare zai tara maka shi tsaf, ya ɗiga maka a goshi da asuba. Mai haɗa zumunci ne na gaske, domin an rubuta a jikinsa na mutum biyu ne, kuma haka ne, muddin ɗaya zai riƙe numfashi in ɗayan zai juya. Abin duniya kuwa bai dame shi ba, ko sandar kansa bai mallaka ba. Da sandunan dogarawar masu shi yake tsayuwa, saboda haka da zarar ya miƙe, Noelene mai ciwon gwiwa sai ta dafa duwatsu in za ta rafi.

Ba mai yawan magana ba ne. In iska ta ɗan motsa yakan ce fat, fat, fat, a hankali, kamar mai neman gafara. In an ja zif ɗinsa ya ce tsiiii, sannan ya maƙale a tsakiya.

Ciwon da ya zama ajalinsa daga gida aka tafi da shi. Marigayin ya zo duniya da turaku takwas, kowanne giram tara. Wata Lahadi da ko ganye ba ya motsi, Murray ya kafa shi a bayan gida da turaku huɗu kacal, ya ga ya tsaya ƙyam, ya ja da baya yana murmushi kamar shi ya ƙirƙiro tanti. Clive, yayan Noelene, wanda ya shekara arba'in yana kamun kifi a tafkunan saman nan, ya leƙo ta kan shinge.

"Suruki, wannan na mutane ne ko na rufe tumatir?"

"Kai zamaninka ya wuce, Clive. Ka ga huɗu sun riƙe shi. Na rage giram talatin da shida ke nan."

"A nan sun riƙe. Can sama iska ba ta sallama, ka dai sani."

Murray ya ce ya ji. Ya jera turaku huɗun da suka rage a kan tagar kicin, ya rubuta talatin da shida a ɗan littafinsa, har da ja masa layi. Ana gobe tafiya ya ɗora jakar Noelene a sikeli, ya cire mata littafi, ya cire ɗan matashinta, ya cire safa ta biyu. Ita dai tana tsaye hannu a ƙugu. Da ya gama ta ce, "To." Duk wanda ya san Noelene ya san wannan "to" ɗin, ban da mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana jin sa.

Kwana uku suka yi suna kutsawa cikin taɓo da matsattsaku. Noelene tana ɗingishi fiye da yadda lissafin Murray ya yarda ta yi. Ya duba littafinsa, ya ga jakarta ba ta da laifi, sai ya ɗora wa takalmanta laifin.

A rana ta huɗu da la'asar suka hau fili mai duwatsu, inda ba itacen da ya kai ƙugu. Yamma ta yi baƙi ƙirin, ruwa ya sauko haɗe da ƙanƙara, a kwance yake zuwa. Murray ya kafa marigayin da turakunsa huɗu, ya ga gefensa yana ɗagawa, sai ya ruga neman duwatsun dannewa, kowane ɗaya ya fi turaku ɗari nauyi. Noelene na zaune a kan dutse tana murza gwiwa, ita ce ta shaida cikawarsa. Ta ce da fari ya ce fat, fat, fat kamar kullum. Sai ya ɗaga murya, faf-faf-faf-faf. Turke na farko ya fice. Ya ce ɓaaar, tun daga ƙofa har ƙeya. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce fuuu, ya tashi sama, ya yi gabas. Gaskiya a ranar ya cika sunansa, ba a taɓa ganin tanti marar nauyi irinsa ba.

Murray ya tsaya da dutse a hannu. Bukka mafi kusa tafiyar yini ce. Ya juya ya dubi matarsa, ya ga ta jiƙe sharkaf, leɓɓanta sun fara sauya kala. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba a daji, kuma ba tantin yake tunawa ba. Shi ya jawo ta nan, bayan shekara tara, ya kawo ta inda sanyi ke kashe mutane, saboda giram talatin da shida.

"Ajiye dutsen nan, tsoho," in ji Noelene, haƙoranta na haɗuwa. "Buɗe jakata. Can ƙasa."

Can ƙasa, naɗe cikin rigar ruwanta ta da, sai ga rufin Kore na sama, da igiyoyinsa, da turakunsa na ƙarfe. Ya kusa kilo biyu.

"Noelene! Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka gama awonka ka shiga wanka."

"Gwiwarki fa?"

"Gwiwata ta fi yarda da kilo biyu a kan ta yarda da kai da sikelinka. Kafa mana, ka tsaya kana kallona."

Ya kafa. Kore ya tsaya bai ce uffan ba, kamar yadda ya saba. A ƙarƙashinsa Murray ya dafa shayi, ya riƙe mata ƙafafu a cikin rigarsa har suka yi ɗumi, ya yi kuka, ya ce ƙanƙara ce ta faɗa masa a ido. Washegari suka juya gida. Gwiwar ta kumbura kamar kabewa, shi ya ɗauki kayan duka biyun. A hanya suka tsinci gawar marigayin rataye a wani busasshen itace a bakin tafki, da turke ɗaya yana reto a jikinsa. Da isowarsu gida, Murray, Allah ya shirye shi, sai da ya auna gawar. Giram ɗari biyar da goma. Ya buɗe baki zai sanar, ya ga fuskar Noelene, ya rufe.

Har mako uku ba ta yi zancen daji ba. Takalmanta suna bakin ƙofa da taɓonsu. Kullum Murray sai ya wuce su, yana son ya tambaya ko ya ba da su sadakar, yana tsoron amsa.

Marigayin ya rasu ya bar turaku huɗu da suka raka shi daji, da wasu huɗu a tagar kicin, lafiyarsu ƙalau, ko raɓa ba ta taɓa su ba. Ya bar 'yar jakarsa mai girman safa, da guntun buroshi, da littafin lissafi wanda ba a ƙara buɗewa ba. Ya kuma bar Clive, wanda tun ranar bai daina murmushi ba, Allah ya ba mu haƙurin zama da shi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a bayan gidan Gatenby, inda za a shimfiɗa marigayin a kan tumatirin Noelene don ya kare shi daga sanyi. Za a kafe shi da turakunsa takwas cif, karo na farko a rayuwarsa da bayanta. An hana Clive yin jawabi, ko da yake ba wanda ya yi imanin zai hanu. Kada a kawo furanni. Mai zuwa ya zo da naman gashi ko biskit, akwai shayi. Sikeli ya koma aikin fulawa, an kulle shi a kabad, makullin yana wuyan Noelene.

Zaman makoki na kwana uku ne kawai, masu ta'aziyya su hanzarta, don daga ranar sha huɗu ga wata ba za a sami kowa a gidan ba. Jiya da safe Murray ya fito ya tarar da takalman Noelene an wanke su an shafe su da mai. Kusa da su ga jakarsa, an ɗaure mata Kore gaba ɗayansa, da sandunansa, da turakun ƙarfe goma sha biyu, da littafi, da matashi, da safa har ƙafa uku. Abin da ya iya tambayarta kawai shi ne nauyin jakar zai kai nawa.

Noelene ta ce, "Ɗauka ka ji."