Kitson Tsohuwa da Kunnen Kyaftin

"...ya gajiyar sama? Ko yau ma a ƙasa aka bar ki kina gadin taya?"

"Lafiya lau, Tsohuwa. Ashe kin kwana da rai? To barka."

Haka suke gaisawa, mahaifiyata da jikarta, 'yar yayana mai koyon tuƙin jirgin sama. Mu Kyaftin muke ce mata tun ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ina baranda ina guga ta shigo rungume da kwali biyu, fuska ba walwala. Likitan makarantarsu ya auna ta, ya ce kunnenta na hagu ya fara ja da baya saboda rugugin inji. In aka sake awo nan da wata uku ya ƙara sauka, to ita da tuƙi sai dai kallo. Shi ne wani mai shago ya ba ta abin kunne iri biyu, irin na matuƙa mai makirfo a gaban baki, ta gwada a gida ta zaɓi ɗaya kafin ya rufe. Ni dai na dakata da guga ina kallonta. Tsohuwa kuwa, da ta shekara hamsin tana kitso, ko a jikinta.

"Wannan kuma fa? Murafen tukunya aka haɗa miki da waya?"

"Abin kunne ne, ba na zamaninku ba. Wannan koren mai nauyi matse kai yake yi don ya tare ƙara. Baƙin ba nauyi, batir yake ci ya kashe rugugi."

"Mu a zamaninmu auduga muke cusawa, ga mu nan garau."

"Shi ya sa sai an kira ki sau uku."

"Ina ji tun na farko. Raina mai kiran nake yi."

Kyaftin ta tayar da janareta a tsakar gida a madadin rugugin jirgi, ta tsaya daf da shi, ta ɗora baƙin a ka. Tsohuwa ta jawo kujera.

"Tsaya in taya ki gwaji. Zan zage ki. In kin ji, kaya ba kyau, a mayar."

"Bismillah."

"Mai kunnuwa kamar faranti!"

"Na ji, mai haƙori uku."

"Huɗu ne, marar kunya! Ɗaya yana ciki yana hutawa."

Ba zagin kaɗai take ji ba, har janaretan yana shigar mata ta hagu. Ta cire, ta sa koren. Wannan ya ɗan tare, amma minti goma bai cika ba goshinta ya yi shati, ta fara lumshe ido.

"Kamar an danne min kai da ƙofa," in ji ta. "Amma shi zan ɗauka. Gara ciwon kai awa uku da in rasa kunne."

"Kan ne ya yi girma. Tun ranar da aka haife ki na faɗa, aka ce baƙin ciki nake. Miƙo baƙin nan in ga."

Ta ture ɗankwali ta kwaɓa shi a kanta. Sai ta zaro ido, ta kwaɗa ihu har na kusa ƙona rigar mutane.

"Kai! Wa ya kashe janareta?"

"Yana nan yana yi!"

"Me? Ɗaga murya! La ilaha, an ɗauke duniya! Wannan nawa ne, ke je ki nemi auduga."

Kyaftin ba ta yi dariya ba. Ta karɓe abin, ta kalli kan kakarta wanda gashin da ya rage a kai bai kai na buroshin haƙori ba, ta mayar da shi nata kan. Ta bi gefen soson da ke rufe kunnen da yatsa a hankali. A saman kunnen hagu yatsan ya shige zuruf.

"Tsohuwa, zo ki ga aikinki."

Manyan kitso ne guda biyu masu kauri, sun gangaro ta saman kunnen hagu, sun ɗage soson sun bar kafa. Kitson da Tsohuwa ke taƙama da shi ke nan, duk sati biyu take zaunar da yarinyar ta yarfa mata, wata takwas cur tun da ta fara tashi sama.

"Ƙarya kike! Kitsona? Da kitson nan aka auri rabin matan unguwar nan."

"Shi ya sa ba mai jin maganar mijinta."

"Jirgin ne ba shi da tarbiyya. A ce masa ya rage murya."

Tana faɗa tana ciro kibiyar kitso daga ɗaurin zani. Ta zura ta a kafar, kibiya ta wuce ba abin da ya tare ta. Ta sake zurawa. Wallahi tausayin uwata ya kama ni.

"Kashe injin," ta ce. "Zauna."

Nan take ta tsefe aikinta da hannunta. Ta yi mata ƙanana, sumul, duk ta kora su baya, ta bar kewayen kunne fayau, tsakiyar kai ma ba tudu. Aka sake tayar da janareta, Kyaftin ta ɗora baƙin, ya zauna ɗaram. Sai murmushi ya kufce mata.

"Ba ƙara, ba matsi. Shi zan ɗauka."

Ta cire tana mayarwa a kwali, ni na kashe janareta. Tsohuwa ta lallaɓo ta bayanta, ta sunkuya daidai kunnen hagu, ta yi raɗa can ƙasa-ƙasa. Ni da ke kusa ban ji komai ba.

"Ke ce mummuna," in ji Kyaftin, ko juyowa ba ta yi ba.

Tsohuwa ta kwashe da dariya har da hawaye, ta dafa kafaɗarta.

"Alhamdulillahi, da sauransa! Kin ci, ja'ira. Daga yau ke ke zaɓar kitso, ni 'yar aiki ce. Maza ki tafi kafin ya rufe shago."