Ranar da Wasan Ƙwallo Ya Ƙi Buɗewa a Hannuna

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ina so in manta, da ranar da aka buɗe ɗakin kwamfuta a nadi, wato kulob ɗin samarin ƙauyenmu da ke kusa da Sinnar. Lokacin ban daɗe da dawowa daga kwas ɗin kwamfuta na wata uku ba, da takardar shaida mai hatimi biyu. Babana bai so tafiyar ba, ya ce ɗiya mace ta fi amfani wajen tsinkar auduga. Na dage na tafi. To kun ga dole in dawo da abin nunawa.

Yayana Usman ne shugaban nadin. Sun sayo tsohuwar kwamfuta ta hannu, suka shirya gasar wasan ƙwallo a kanta tsakanin unguwar gabas da ta bakin ruwa. Ni na saka musu wasan tun jajibiri, ya yi aiki lafiya lau. Na kuma ce in dai inji ne, ba ya yi mini gardama. (A gaban mata na faɗa, wajen toya wainar kisra, don haka kafin magariba har ƙauyen gaba an ji.)

Bayan la'asar ɗaki ya cika. Dattawa a gaba suna kurɓar gahawa, Babana a cikinsu. Na gyara mayafi, na danna wasan. Allo ya yi baƙi, sai ga ɗan akwatin rubutu da jan tambari. Da Turanci. Kwas ɗinmu kuwa da Larabci aka yi shi. Na yi maza na rufe akwatin.

"Mi ya faru?" in ji Yaya Usman.

"Ba komi, Yaya. Wutar ce ba ta da ƙarfi."

Na kashe na kunna. Akwati ya dawo. Na zare wayoyi na mayar. Ya dawo. Na karɓi wuƙa na kwance murfin injin, na hura ƙura har na yi atishawa sau huɗu a gaban limami. Zufa ta karyo mini, na ɗauki wani ambulan daga kan tebur ina fifita. Da dabara ta ƙare, sai na juya kan Haruna, shugaban 'yan bakin ruwa.

"Wani ya taɓa ta da safe. Ka faɗi gaskiya."

"Wallahi ko ƙofar ban taɓa ba," ya ce.

Nan Baffa Yunusa ya miƙe da sandarsa. Tsoho ne da ya yi shekaru yana magatakarda a ofishin auduga, wayar hannu ma jikokinsa ke amsa masa.

"Ɗiyata, bar wannan rubutun in gani. Kin yi ta korar shi kamar ƙuda."

"Baffa, wannan ba irin Turancinku ba ne. Na inji ne."

"To bari in gaishe shi dai."

Ya sa tabarau, ya kai hanci har jikin allo, ya karanta a hankali.

"Cewa ya yi a saka faifan wasan. Har da 'don Allah' ya ce."

Yaya Usman ya dubi hannuna. Ni ma na duba. Faifan yana cikin ambulan ɗin da nake fifita da shi. Da kaina na cire shi jiya don kada ya yi ƙura.

Dariyar da aka yi, har limami sai da ya ajiye kofinsa. Babana bai yi ba, ƙasa kawai ya kalla, wannan kuma ya fi ciwo. Amma ban gudu ba. Na mayar da murfi, na zura faifai, wasa ya buɗe. Na juyo na ce, "Da ma ƙurar tana bukatar fita." Haruna kuwa sai da na bi shi har waje na ba shi haƙuri. (Ya yafe, bayan ya ba da labarin sau uku a gabana.)

Washegari na ɗauki littafi na tafi gidan Baffa Yunusa. Wata shida yana koya mini Turanci a gindin dalbejiya. Yau ni ke gyara kwamfutocin makarantu uku a yankinmu, kuma har gobe ban yarda ban iya aikina a ranar ba. Abin da na koya dai shi ne, in inji ya yi magana, a bari ya gama kafin a ɗauko masa wuƙa.