Hoton Biza a Shagon 'Yar Kawu

"...lafiya lau, Kawu lafiya, yara lafiya, kowa lafiya. 'Yar Kawu, don Allah ajiye sauran gaisuwar, hoto nake so yanzu-yanzu."

Ko zama bai yi ba. Ya faɗo shagon da jakar takardu a hammata, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, idonsa na kan agogon bango. Yau ce ranar da ofishin biza ya ba shi ya kai takardunsa na tafiya ƙasar waje karatun mastas, na biyu ke nan bayan wanda ya riga ya yi. Tun safe ya bi layi, da ya iso gaban taga sai matar da ke karɓa ta dubi hotonsa ta turo masa abinsa. Wai ya yi dariya a ciki, haƙora a waje, su kuwa fuska suke so a ɗaure, baki a rufe. In ya kawo wani kafin su tashi, to. In bai kawo ba sai ya sake neman rana, ranar kuma ba za ta samu ba sai makarantar ta rufe karɓar ɗalibai.

Shagon hoto mafi kusa na taubashiyarsa ne, 'yar kawunsa, wadda tun suna yara ba su taɓa haɗa ido an rabu lafiya ba. A rasa inda mutum zai kai fuskar da ake so a ɗaure sai wurinta! Amma gaggawa ba ta bar shi ya yi wannan tunanin ba.

"A'a, Ɗan Gwaggo!" ta ce, tana goge gilashin kyamara da bakin mayafi. "Har an dawo daga ƙasar wajen? Ina tsarabata?"

"Ke kika ja mini. Hoton da kika ɗauke ni sun ƙi karɓa."

"Hoton suka ƙi ko fuskar? Ni abin da ka kawo mini shi na ɗauka."

"Wai na yi dariya."

"Ni na buɗe maka bakin?"

"Ke kika ce kunnuwana ba za su shiga hoto ɗaya ba sai an haɗa biyu!"

"To ƙarya na yi? Zauna."

Ya zauna a kan kujerar da ke gaban farin labule. Ita kuwa ta shiga gyara fitilu a tsanake, ta matsar da wannan, ta ɗaga wancan, ta koma ta mayar da na farkon inda yake. Ƙafarsa ta dama ta fara kaɗawa da kanta.

"Daina girgiza mini shago. Wai ni in tambaye ka, mastas ɗin farko me ya same shi? Ƙarewa ya yi kamar sabulu?"

"Wancan daban, wannan daban. Ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Kai da aji sai dai mutuwa ta raba. Gemu zai yi fari kana goye da jakar makaranta, jikokinka na riƙe maka hannu kuna tsallaka titi."

"Gara ni. Ke ranar da kika gama sakandare malamai har sadaka suka yi don murnar rabuwa da ke."

"Kuka suka yi, ina wurin. Ɗago haɓa. Ɗaure fuska."

Ya ɗaure. Ya haɗe gira, ya danne leɓe, ya zuba wa kyamarar ido. Ta leƙa ta ciki, ta daɗe, sannan ta ɗago.

"Cewa na yi ka ɗaure, ban ce ka haɗiye ƙashin kifi ba."

Dariyar ta kufce masa ta hanci daidai lokacin da fitila ta haska. Ta juyo masa da kyamarar ya gani: baki a wangale, ido ɗaya a rufe.

"Wannan in ka kai musu, har ni za su hana biza don dangantaka."

"'Yar Kawu, na roƙe ki da girman Allah, ki yi shiru. Shiru kawai. Danna abin nan ki sallame ni."

"Na yi shiru."

Ta yi shirun kuwa, sai dai shirun ya fi maganar muni. Ta kumbura kumatu, ta zaro ido ta saman kyamara tana kallonsa, kafaɗunta na rawa. Ya kawar da kai ya tuna abubuwan baƙin ciki, ya tuna layin safe, ya juyo, suka haɗa ido, shi ke nan. Suka sake, aka kuma. Ya ce ta juya masa baya, ta ce ita ba ta iya ɗaukar hoto da ƙeya ba.

"Wani shagon zan tafi!"

"Allah ya kiyaye hanya. Yana can ƙetaren gada, ka dai ga cunkoson motocin da ka baro."

Ya dubi agogo. Tsoro ne sosai ya kama shi. Shekara guda yana bin wannan gurbin karatu, ya riga ya ajiye aikinsa, ya yi sallama da abokan aiki har sun yi masa addu'a. A ce duk wannan ya rushe saboda ya kasa rufe bakinsa na ƙiftawar ido? Abin haushin ma, yana cikin tsoron, gefen bakinsa na motsi.

Ta dube shi, ta ga abin ya wuce wasa. Ta koma bayan kyamara, ta yi magana da wata murya da bai san ta da ita ba.

"Shekaranjiya Gwaggo ta zo nan."

"Mama? Me ta zo yi?"

"Hoto. A kan kujerar nan ta zauna. Ta ce in ɗauke ta tana dariya, don ka tafi da shi."

"Ai ita ce kullum take cewa in tafi, in tafi."

"A gabanka ba. Nan kuka ta yi ta yi. Ta ce wancan karon da ka tafi mastas ɗin farko tana da ƙarfinta, wannan karon ba ta san ko za ka dawo ka same ta ba. Duk tsiyar da na iya na yi mata, har kwaikwayon tafiyarka na yi, da ƙyar na samu ta murmusa."

Dariyar ta ɓace daga fuskarsa. Ƙafar ta daina kaɗawa. Fitila ta haska.

Injin buga hoto ya turo hotunan, ta yanka su da almakashi cikin sauri, yanzu kam babu jan jiki. Ya karɓi ɗaya ya duba: fuska a ɗaure, baki a rufe, daidai yadda matar taga ta ce.

"Da gaske kike," ya ce a hankali, "ko duk cikin dabara ce?"

Ta jawo durowa ta ciro wani hoto ta miƙa masa. Mahaifiyarsa ce cikin mayafinta na fita unguwa, tana murmushi, idanun sun kumbura.

"Ta ce kar in ba ka sai a filin jirgi. Ka ga ka sa na saɓa wa Gwaggo. In sun tambaye ka me zai dawo da kai gida, ka nuna musu wannan."

Ya kai hannu aljihu, ta buge hannun.

"Kyauta ce. Wa zai karɓi kuɗin ɗan makaranta?"

"Yau dai kin ci, 'Yar Kawu."

"Yaushe ka taɓa ci? Na gama da fuskarka, yi dariyarka ka ruga kafin su rufe."

Ya yi dariyar, amma da ƙyar ta fito. Ya sa hotunan biza a jaka, na mahaifiyarsa a aljihun gaba, ya fita da gudu.