Yadda Sallau Ya Tayar da Guguwa

A gidanmu na Kwarin Maje a da mu huɗu ne. Ni Tabawa, da maigidana wanda Allah ya yi wa rasuwa bara da damina, da ƙaninsa Sallau, da matar Sallau, Azumi. Sallau ya haura arba'in, ga ƙarfi ga zuciya mai kyau, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Marigayi ya taɓa ce masa a daji, "Tsaya nan, kada ka motsa sai na dawo." Da ya dawo ya tarar da shi tsaye a kan gidan tururuwa, sun hau har wuyansa, yana hawaye amma bai ɗaga ƙafa ba.

Maigidana mafarauci ne, kuma abin da ya bar mini mai rai shi ne karensa, Guguwa. Ni ban taɓa shafa karen nan ba, tuwo kawai nake zuba masa daga nesa. Amma tun da aka fita da gawar, Guguwa ya kwanta a ƙofar ɗakin maigidan ya ƙi tashi, ni ma ina cikin ɗakina na kasa tashi, sai na ga ashe mu biyu ne.

Bayan na fita takaba, Sarkin Baka Nomau, shugaban mafarautan yankinmu, ya zo ya yi sallama a zaure. Ya ce, "Tabawa, kin san al'ada. Ranar nunin dabbobi bayan girbi, kowane kare zai zagaya fagen da aka kewaye da igiya tare da mai shi. Karen da ubangidansa ya rasu, in ya bi wani ɗan gidan ya zagaya, ya zauna a gidan. In ya ƙi, mu ba wani mafarauci, kada ya lalace." Na ce, "Ranka ya daɗe, namijin da ya rage a gidan nan Sallau ne." Sarkin Baka ya ce, "To, Allah ya taimake ki."

Wata rana Sarkin Baka ya ce wa Sallau, "Kullum da safe ka tabbata karen nan ya zagaya filin makaranta, don ya saba." Sallau ya ja igiya, Guguwa ya kafe. Sai ya je ya aro baron masu gini, ya ɗauki kare cak ya ɗora, ya dinga tura shi yana zagaya fili, Guguwa na zaune a ciki kamar ango. Sarkin Baka ya zo wucewa ya tsaya baki buɗe.

"Sallau, me nake gani?"

"Ya zagaya, ranka ya daɗe. Yanzu ma za mu ƙara."

"Da ƙafarsa nake nufi!"

"Ai ba ka ce da ƙafa ba."

Abin haushin, Guguwa ya ji daɗin baron. Daga ranar, da ya ji ƙarar tayar sai ya ɗaga kai yana jira a ɗauke shi.

Wata rana kuma malamin dabbobi ya shigo garin yin allurar shanu. Na aika Sallau ya nemo shawara. Malamin ya ce, "Sayi tsire, ka riƙe a gaban hancinsa ka yi gaba. Kada ka ba shi sai ya biyo ka." Sallau ya sayo, ya nuna wa Guguwa, Guguwa ya sunsuna ya juya masa baya. Sallau ya jefa tsiren a aljihu. Washegari ya fito da shi ya nuna, ya mayar. Haka ya yi ta yi har mako ya zagayo. Duk inda ya bi, karnukan garin na biye da shi, da kyanwoyi, da ƙudaje, ban da Guguwa. Mutane suka daina zama kusa da shi a majalisa. Ranar da warin ya kai ƙarshe na ji Azumi tana jefo masa tabarma tsakar gida.

"Wallahi ko kai ko naman nan, ɗaya ne zai kwana a ɗakin nan!"

"Haba Azumi, bai biyo ni ba tukuna."

"To ka yar!"

"Malamin bai ce a yar ba."

Sai da na leƙo na ce, "Sallau, ni na ce ka yar," sannan ya yar. Ya kuma tsaya yana gadinsa a bola kada wani kare ya ci, tunda ba nasu ba ne.

Wata rana ni da kaina na jawo. Na tuna ranar nuni akwai taro da ganguna, na ce, "Sallau, ka riƙa kai shi inda mutane suka taru, kada ya firgita ranar." Da safen nan ake raɗin suna a gidan Alhaji Mamuda mai shago. Dattawa sun cika tabarmi da fararen riguna, an ɗaga hannu ana addu'a, sai ga ƙarar baro. Sallau ya yi sallama, ya sauke Guguwa a tsakiyar babbar darduma, kusa da farantin goro. Kafin a shafa, kowa ya tattare rigarsa ya watse. Wani tsoho da aka ce ya shekara yana ciwon gwiwa, shi ya fara kaiwa bakin titi. Guguwa kuwa ya yi hamma ya miƙe ƙafafu.

Sallau ya dawo yana murna. "Matar Yaya, bai firgita ba ko kaɗan. Su ne suka firgita."

Ni da Azumi muka wuni wanke dardumar Alhaji da ƙasa da ruwa, muna ba matansa haƙuri.

Ranar nuni ta zo, Guguwa bai taka ko taku ɗaya a bayan Sallau ba. Na ji labarin har an zaɓi wanda za a ba shi, wani mafarauci daga hayin kogi, ya ma zo da sabuwar sarƙa. Na zuba wa Guguwa tuwo, ya ƙi ci, na tsaya ina kallonsa, hawaye ya ƙwace mini. Sallau ya zo ya durƙusa.

"Matar Yaya, yau me zan yi?"

Dabara ta ƙare mini. Na ce, "Ban sani ba, Sallau. Je ka yi yadda Yayanka yake yi, komai da komai."

Na yafa mayafi muka tafi da Azumi, muka tsaya cikin mata a bayan igiya. Karnuka suka yi ta zagayawa da masu su, ana kiɗa ana kirari. Da aka kira gidanmu, wani maƙwabci ne ya turo baron ya sauke Guguwa a bakin fage. Guguwa ya kwanta. Aka fara dariya. Mai sabuwar sarƙa ya matso gaba.

Sai ga Sallau ya ratso taro. Ashe ya shiga ɗakin maigidana da ba wanda ya buɗe tun rasuwar, ya sako rigar farautar marigayi mai layu, wadda ban iya wankewa ba, da hularsa, da gorarsa. Kuma yana ɗingishi da ƙafar hagu, inda mugun dawa ya taɓa sukar maigidana. Azumi ta rufe fuska ta ce, "Na shiga uku, yau ya gama da mu."

Bai kalli karen ba, bai taɓa igiyar wuyansa ba, domin marigayi bai taɓa yi ba. Ya tsaya, ya yi kakin nan mai ƙarfi ya tofar gefe, ya buga gora a ƙasa. Sannan ya waiwayo ta kafaɗa, a gaban duk jama'ar yankin, ya daka tsawa da irin muryar da nake ji kowace safiya tun ina amarya:

"Ke Tabawa! A rufe ƙofar nan kada awaki su fita!"

Fili ya fashe da dariya. Sallau ya juya ya kama hanya yana ɗingishi.

Guguwa ya ɗaga kunne. Ya miƙe, ya girgiza jikinsa, ya ruga ya manne a gefen ƙafar hagun, daidai inda ya saba tafiya. Dariyar ta fara mutuwa. Suka zagaya fagen, in Sallau ya tsaya ya tsaya, in ya buga gora ya zauna. Makaɗan ma sun manta da kiɗa. Na ga Sarkin Baka yana goge ido da bakin rawani, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Kare na gidan ne. Mai sarƙa, sai haƙuri."

Da muka dawo, Guguwa ya cinye tuwon da ya bari, ya lashe kwanon.

Yanzu matsala ɗaya ta rage. Ba wanda ya ce wa Sallau ya daina. Kullum da sassafe sai ya sako rigar, ya yi kaki, ya buga gora, ya wuce ƙofata yana ɗingishi da Guguwa a gefensa, ya daka mini tsawa a kan awaki. Azumi ta same ni jiya ta ce, "Yaya, don Allah ki ce masa ya daina, kada ƙafar ta saba. Maganarki kawai yake jira."

Na ce mata zan faɗa masa gobe. Haka na ce mata wancan makon ma.

Awakin kuwa tun lokacin jinyar marigayi muka sayar da su, ko ɗaya babu. Amma in ya yi tsawar, ina tashi in rufe ƙofar.