Tifar Injiniya-Janar

Idan ana maganar manyan motoci, sai kowa ya yi shiru ya saurari Injiniya-Janar. Mutum ne da ya mallaki tirela da tanka da tifa, kuma dukkansu a kan teburin cin abincin gidansa suke kwana. Gaskiya ne babbarsu ba ta fi takalminsa tsawo ba. Gaskiya ne kuma bai taɓa riƙe sitiyarin babbar mota ba, don buga hatimi ya yi a ofishin sufuri har ya yi ritaya. Amma waɗannan ƙananan maganganu ne, mahassada ke yin su.

A kwali motocin suke zuwa, gutsi-gutsin roba, da takardar da ke nuna yadda za a haɗa su a ajiye don ado. Sauran 'yan ƙungiyar masu haɗa ƙananan motoci sukan karanta takardar. Shi kwandon shara yake jefa ta.

"Wanda ya rubuta wannan bai san hannun da za ta faɗa ba," in ji shi.

Kuma a faɗi gaskiya, hannun ya iya aiki. Yakan huda cikin motar ya sa mata inji, ya ja wayoyi sirara kamar gashi, ya haɗa sirinji biyu da ruwa har bodin tifa ya riƙa ɗagawa yana zubar da yashi. Kayan gyara kuwa ba ya nisa wajen nema. Fankar hannun uwargida ta wayi gari ba inji. Fitilar 'yarsa ta koma idon tanka. Iyali suka koma cin abinci a kan cinya, domin tebur ya zama "masana'anta", kuma ba a shiga masana'anta da miya.

Da farko Injiniya kawai yake kiran kansa. Da wani injiniyan lantarki na gaske ya shiga ƙungiyar, sai ya ƙara Janar, don kada jama'a su rikice.

Ana nan aka sa ranar gasa a zauren wata makaranta, aka ce wanda motarsa ta yi fice shi zai shugabanci ƙungiya. Sharaɗin mai sauƙi ne: mota ta ɗauki yashi, ta hau tudun katako, ta juye a sama. Injiniya-Janar ya duƙufa kan tifa. Ya ƙara mata tayoyi, ya canja giya, ya gwada ta a kan allon guga, ta haye kamar akuya. Saura kwana kaɗan sai ya ga abu ɗaya ya rage, wato duniya ta san mai ita. Ya yanko ƙarfe mai kauri, ya kai aka zana masa sunayen girmansa kaf, ya ɗaura a bayan tifar. Allon ya fi motar faɗi.

Ranar gasa ya zo da farar rigar leburori da ba ta taɓa ganin baƙin mai ba, uwargida na biye da shi ɗauke da kwalin. Wani likitan haƙori, wanda shi ma ke neman kujerar shugabancin, ya tura tasa ta hau da ƙyar tana tari. Injiniya-Janar ya yi masa murmushin tausayi, sannan ya karɓi lasifika ba tare da an ba shi ba.

"'Yan uwa, akwai masu haɗa mota, akwai masu haifar mota. Abin da za ku gani yau kamfanonin duniya ba su kai gare shi ba. Ina roƙon masu ɗaukar hoto su ɗauka daga baya, inda bayani yake."

Ya danna rimot. Tifa ta taho da gurnani, ta kama tudu, ta kai rabi, sai ta ɗaga hanci sama ta zauna a kan sunayen girman, tayoyin gaba na juyawa a iska.

Alƙalin gasa ya leƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, bayan ya yi nauyi. A rage wani abu, a sake gwadawa."

Injiniya-Janar ya yi nazari irin na manya. Ya cire tayar safaya. Tifa ta sake zama. Ya cire madubai, ya cire salansa, ya kwashe rabin yashin da cokali. Kowa a zauren allon yake kallo, ban da shi. Gumi ya jiƙe farar rigar. Da ya kai hannu zai cire batir, likitan haƙori ya juya baya kafaɗunsa na rawa saboda dariya.

Uwargida ta matso a hankali. Tun da aka fito da motar take ƙare wa allon kallo, don bayansa akwai zanen furanni da ta sani.

"Baban yara, wannan ba farantin da yayata ta ba ni ba ne, wanda na yi ta nema?"

"Ba yanzu ba, muna cikin aikin injiniya."

Ta sa yatsu biyu ta ɓamɓare abinta, ta jefa a jaka. Rimot na hannunsa a danne, tifa ta zabura, ta haye tudu a guje, ta ɗaga bodi ta juye ɗan yashin da ya rage. Zaure ya ɗauki tafi.

Kujerar dai likitan haƙori ya samu, domin tasa ce ta kai cikakken kaya. Injiniya-Janar ya yi ta bin mutane har bakin ƙofa yana bayyana musu cewa dama allon mai cirewa ne, fasaha ce da ba kowa zai gane ba.

Amma ba a hana tifar haƙƙinta ba. An liƙa hotonta a ofishin ƙungiya, an ɗauka daga baya kamar yadda ya roƙa, tana tsaye a saman tudu. Sabon sakatare, da bai halarci gasar ba, ya duba hoton bai ga suna ko ɗaya ba, sai ya rubuta a ƙasa: "Tifar wani bawan Allah."