Wayar Da Aka Danna Har Ta Mutu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu mai ɗaci da ladabi ya hana a kira sunansa, Malam, tsohon malamin tarihi na gidan ƙarshen layi, yake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar wayar matarsa. Uwargida ta riga mu gidan gaskiya bara. Wayar ta bi ta ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyara, ciki a kumbure, fuska a tsage, babu kowa a kanta sai ɗan da ya kashe ta.

Marigayiyar ba 'yar babban gida ba ce. Ta hannu aka sayo, da tabo a kusurwa, uwargida ta ɗinka mata riga da ragowar yadi. Amma ta yi zaman mutunci. Ba ta taɓa ƙara a cikin taro ba, kuma caji ɗaya yakan kai ta kwana biyu, irin ƙana'ar da ba a samu a 'ya'yan gidan ba. Aikinta kiran dangi da haska ƙarƙashin gado idan allura ta faɗi. Da ciwo ya kwantar da uwargida, sai ta ba ta babban aiki: ta riƙa ɗaukar muryarta a ciki tana bar wa mijinta umarni, don ta san mutumin ba zai rayu babu faɗa ba. Bayan an binne ta, kowace safiya Malam yakan danna, wayar ta ce: "Malam, ka sha maganinka. Kada ka ce ka sha, na san halinka." Wata rana ta ce: "Tabaraunka yana goshinka." Akwai guda da babu magana a ciki, dariya ce kawai da tari ya katse.

Ciwon ajalinta ya shigo gidan ta hannun Auta, wanda ya gama karatu ya rasa aiki, ya samu kirifto, kuɗin intanet da ba a taɓa shi da hannu. Irin nasa, danna fuskar waya ake yi sulalla su taru, wai haƙa ke nan, a jira ranar da za a kai su kasuwa. Uba da ɗa sun daɗe suna ja a kan tabarmar falo. Auta ya kafa hujja cewa kuɗin takarda ma takarda ce da mutane suka yarda da ita, kuma tana narkewa a aljihu kamar ƙanƙara, banki kuwa sai layi da yanka. Malam bai musa ba, domin ya koyar da tarihin zamanin da kuɗin wuri yake sayen doki. Sai dai ya tuna masa cewa da darajar wuri ta faɗi, an samu abin yi wa ƙwarya ado. Ya tambaya su wa suka gina gidajen da ake ta labarin kirifto ya samar, kullum sai a ce yayan abokin wani aboki ne. Ya tambaya, idan danna waya aiki ne, wa yake biya, kuma me yake saye? Auta ya amsa cewa wanda ya saba da jaki dole jirgin sama ya ba shi tsoro. Malam ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Aka tashi kowa ya ci nasara, kamar yadda aka saba a gidan.

Dokar abin ita ce, duk wanda ya kawo sabon mutum ana ƙara masa sulalla. Auta ya shigar da yayarsa nas, da mijinta, da mai gadin layi. Da rayayyu suka ƙare, ya juya ga matattu. Ya ari marigayiyar da sunan yini ɗaya, ya buɗe asusu da layin mahaifiyarsa da katin shaidarta. Ta haka matar da ta ƙi banki duk rayuwarta, take ɓoye kuɗi a gwangwanin madara, ta zama mai zuba jari daga kabari.

Daga nan muryar marigayiyar ta sauya. Ba a jin komai sai "tin! tin! tin!" daga safe har yamma, yatsu uku a kanta, caja a gindinta, tana zafin da za a iya guga da ita. Da ta koka cewa cikinta ya cika, Auta ya share abin da ya kira tarkace. Malam bai sani ba sai safiyar da ya karɓe ta ya danna inda ya saba, ya tarar da wani sulen zinare yana masa murmushi.

Ranar biya ta zo da sharaɗi: mai asusu ya nuna fuskarsa. Asusun uwargida kuwa shi ya fi tara. Auta ya sauke hotonta daga bangon falo, ya goge shi da hannun riga, hidimar farko da ya taɓa yi masa, ya kafa shi gaban wayar. Marigayiyar ta ce da muryar wata baƙuwar mace: "Ƙifta ido." Ya girgiza hoton. "Ƙifta ido. Juya kai hagu." Ya karkata shi, gilashin ya zame ya tarwatse. Malam yana kujera yana kallo, kuma waɗannan su ne kalmomin ƙarshe da aka ji daga bakinta. Asusun Auta na kansa ya buɗe lafiya. Sulallan sun shiga kasuwa da safe, kafin azahar girbin wata da watanni bai isa sayen sabon gilashin hoton ba.

Malam ba ya son a ce ɓacin rai ya hana shi adalci. Ya ji akwai masu aika kuɗi ƙetare ta wannan hanya cikin sauƙi, akwai kuma waɗanda suka samu, kamar yadda ake samun mai fita daga rijiya da rai. Bai san darajar kirifto ba, masu sayar da shi ma ba su sani ba. Abin da aka biya a gidansa kawai ya sani. Mai gyara ya ce batir ya kumbura, ƙwaƙwalwa ta ƙone, abin da aka share kuma ya tafi.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai rauni a wuya, da rigar yadi, da layin da har yanzu ake turo masa albishirin arziki. Ta bar Auta, mai kanta a babban yatsa, wanda tuni ya gano wani sabon sule da ya rantse shi ne na gaskiya.

Za a binne ta ranar Asabar da safe a gindin bishiyar tsakar gida, cikin gwangwanin madarar uwargida, wanda shi dai bai taɓa cin amanar abin da aka ba shi ba. Auta ne zai haƙa ramin, tunda haƙa ce sana'arsa, kuma wannan karon za a ga rami. Ba a karɓar gudummawa, ta takarda ko ta iska. Masu zuwa gaisuwa su kashe wayoyinsu a ƙofa, sai mutum ɗaya: duk wanda uwargida ta taɓa tura wa saƙon murya bai goge ba, ko na faɗa ne, ko na cigiyar almakashi, ya shigo da tasa a kunne, ya faɗi farashinsa. Malam ba zai nemi ragi ba.